Lungun da Ba a Sa Sifika Ba

Ranar Alhamis ne, da ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, Injiniya ya shigo gida da wani dogon kwali a kafaɗa. Ba injiniyan takarda ba ne. Mai gyaran kayan sauti ne, shekara ashirin da shida yana buɗe cikin rediyo da sifika a ɗan shagonsa, amma sunan ya bi shi tun yana saurayi, har mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Kaka, da shi take kiransa.

Ya ajiye kwalin a tsakiyar falo, ya yanke salatif, ya zaro wata sifika baƙa, doguwa, siririya. Ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin talabijin, ya ja baya yana kallonta kamar an yi masa haihuwa.

"Injiniya, taɓarya ka sayo mana?" in ji Kaka daga kan dardumarta. "To ina turmin?"

Auta ta fashe da dariya. Ita ce ƙarama a gidan, shekararta goma sha biyar, yayyenta biyu suna makaranta a nesa, saboda haka duk wani sabon abu da mahaifinta ya kawo, ita ce 'yar kallo, ita ce mai miƙo sukundireba.

Ya yi musu bayani a tsanake. A gidan sinima, sifikoki ake jerawa, gaba da gefe da baya, shi ya sa in mota ta wuce a fim sai ka ji ta bi ta bayan ƙeyarka. Wannan kuwa ita kaɗai ce, amma tana yaudarar kunne. Takan harba wani sautin ya bugi bango ya dawo, ta jinkirta wani, ta rage wa wani ƙarfi, sai mutum ya rantse akwai sifika a bayansa, alhali ba komai can sai bango.

"Wato maƙaryaciya ce," in ji Kaka.

"Ilimi ne, Kaka."

"To, maƙaryaciya mai ilimi."

Kafin ta fara aiki sai ta auna ɗakin. Akwai wani ɗan makirufo mai doguwar waya da ake riƙewa daidai kunnen wanda zai zauna a kujerar tsakiya, sannan na'urar ta aika fito zuwa kowace kusurwa, ta saurari yadda yake dawowa. Maman Auta ta leƙo daga kicin ta ce ya bari mana a yi magariba, ga rana ta kusa faɗuwa. Ya ce minti biyu ne kawai. Ya zaunar da Auta a kujerar tsakiya, ya ba ta makirufon, ya ce ta riƙe a gefen kunnenta na hagu, kada kowa ya yi ko tari.

Gidan ya yi tsit. Hasken taga ya koma ja, sannan ya fara dusashewa. Fiton ya taso daga ƙasa, mai kauri, ya hau sama yana sirancewa har ya zama kamar allura. Ya je gaba ta hagu, ya je gaba ta dama, ya bi gefe. Daga nan ya tafi baya, lungun da ke tsakanin kantar littattafai da bango, inda ba a ajiye komai sai wani tsohon kafet a naɗe. A nan ya tsaya. Bai sauka ba kamar yadda ya yi a sauran kusurwoyin. Ya yi ta hawa, kuma a cikinsa akwai wani abu da ya yi kama da kukan jariri.

Talabijin ya nuna awon bai yiwu ba, an samu motsi a ɗakin.

"Wa ya motsa?" in ji Injiniya.

Ba wanda ya motsa. Ya danna rimot, aka sake. Na biyun ya wuce lafiya. Ya sa fim mai ruwan sama a ciki, ruwan kuwa ya sauko ta ko'ina, har Kaka ta janye ƙafarta ta dubi silin. Suka yi dariya. Aka kira salla, ya kashe. Ruwan ya ɗauke. Amma can ƙasa-ƙasa, daga bayan kujera, kukan bai ɗauke ba.

Injiniya ya ce yaron maƙwabta ne. Maman Auta kuwa ta san ƙaramin yaron maƙwabta ya shiga aji uku.

Washegari, daidai wannan lokacin, tsakuwa uku ta faɗo kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakani kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ya fita ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Ranar Asabar tsakuwar ta faɗo a cikin falo, tagogi a rufe, ta bugi sifikar ta gangara ƙarƙashin tebur. Maman Auta ta ɗauka. Da ɗumi, kamar an daɗe ana riƙe da ita a tafin hannu.

Daga nan aka fara jin maganar. Ba ta da ƙarfi. Murya ce ta mace, tana rarrashi, irin rarrashin da ba a gane kalmominsa, kuma kullum daga bayan mutum take fitowa, ta hagu. In ka juya sai ta koma bayanka.

Injiniya mutum ne mai salla, bai taɓa musun akwai abin da ido ba ya gani ba. Amma shekara ashirin da shida sun koya masa cewa duk ƙarar da ba a gane ba, in aka bi ta a hankali, a jikin wata waya ake samunta. Ya ce na'urar ce take kama wayar wani a unguwa. Ya canza mata saiti, ya sake awo. Ya ce labule ne yake shanye sauti, ya cire labulen, ya sake awo. Ya matsar da kantar littattafai taku ɗaya, ya sake. Kowane awo yakan rubuta abin da ya samu a jikin kwalin da biro, kuma kowane awo Auta ce a kujerar tsakiya, don ita ta riƙe na farko, shi kuwa ba ya son a canza abu biyu a lokaci guda.

"Baban Auta, ka cire abin nan daga gidan nan," in ji matarsa ranar Lahadi, bayan ta zare wayar daga soket da hannunta kuma muryar ba ta daina ba.

"Akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko an zare. Sai ta huce."

"Wutar ce take jifa?"

Ranar Litinin ya tafi da sifikar shago, ya kwance ta gaba ɗaya, ya bi kowace waya da mitar gwada wuta, bai ga aibu ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya haɗa ta, ya dawo da ita gida, ya sake awo.

A lokacin Auta ta fara amsa kiran da ba a yi ba. Tana cikin cin abinci sai ta ce, "Na'am?" ta juya hagu. Kaka ta ce, "Ke mai kunnen ƙashi, in an kira ki ba ki ji, yanzu kuma ba a kira ba kina amsawa?" Auta ta yi murmushi, amma hannunta yana kan kunnenta. Ta ce zafi yake yi, kamar an hura mata iska mai zafi a ciki. Ranar Talata aka dawo da ita daga makaranta, wai ta miƙe a tsakiyar darasi ta ce a yi wa jaririn nan shiru. Mahaifiyarta ta kai ta asibiti, likita ya haska kunnen ya ce tas yake, ya rubuta maganin ɗigawa.

Ranar Laraba da yamma Injiniya ya ce sau ɗaya ya rage, ya gano inda matsalar take. Maman Auta tana wanka. Kaka tana ɗakinta. Ya kira Auta, ta zo ba musu, ta zauna, ta ɗaga makirufon. Da fiton ya kai lungun baya, sai makirufon ya faɗi daga hannunta. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙe zaune sosai, ta ɗora hannuwanta a cinya, idanunta a buɗe, ba ta ƙifta ba.

Haka ta kwana, haka ta wayi gari. Sun yi ƙoƙarin ɗaga ta su uku, kamar an dasa ta. An ba ta ruwa, ya zubo ta gefen baki. Mahaifiyarta ta durƙusa a gabanta tana kiranta da duk sunayen da ta taɓa kiranta da su tun tana goye. Injiniya ya naɗe wayar sifikar a jikinta, ya ajiye ta a ƙasa, ya zauna a gefenta, don bai san kuma abin da zai kwance ba.

Kaka ce ta aika a kira Malam. Tsoho ne da ke koyar da manya karatu, abokin marigayi mijinta, an san shi da ruƙiyya amma ba ya son a yi ta faɗa. Ya zo bayan la'asar ranar Alhamis, mako guda cif. Bai fara da karatu ba. Ya zauna a ƙasa ya sa Injiniya ya ba shi labari tun daga kwali, yana tsayar da shi yana tambaya: ƙarfe nawa, wa ke zaune ina, me ke cikin lungun. Da ya ji batun awo, sai ya ce, "Sau nawa?"

Injiniya ya jawo kwalin ya ƙirga rubutunsa. "Tara, Malam."

"Bayan an fara jifa, nawa?"

"Bakwai."

Malam ya nemi ruwa a kofi, ya matsa kusa da kujerar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Rana tana sauka. Babu labule a tagar, haske ya kwanta a kan fuskar yarinyar, ja, ba motsi. An daɗe. Can yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, leɓenta ya buɗe.

"Ya isa, tsoho. Kana tayar min da yaro."

Bakin Auta ne ya motsa, amma muryar daga baya ta fito, daga lungun. Duk suka juya, har Malam. Ba komai sai kafet a naɗe. Injiniya ya dubi sifikar da ke ƙasa, da wayarta a ɗaure.

Malam ya yi sallama. Muryar ta amsa.

"Baiwar Allah, wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Shekara goma sha ɗaya muna gidan nan. Mun taɓa ɗaukar muku ko cokali?"

"Ba su ce kun ɗauka ba. Me ya haɗa ki da yarinya?"

"Ku mutane ƙararku a jikinku take. In tsohuwa ta yi tari, daga inda take zaune yake fitowa. Akwatin nan in yana surutu, daga gaba yake yi. Mun san wannan, shi ya sa muka zaɓi baya. A nan na haihu. Kwana arba'in bai cika ba, na kwantar da shi na juya, sai ga abu ya zo ba ƙafa, ba sallama, ya shige masa kunne."

Maman Auta ta toshe bakinta da mayafi.

Injiniya ya matso a kan gwiwoyinsa. Abin da ya sani shi ya fito daga bakinsa. "Wallahi babu sifika a lungun nan. Sautin ma ba a can yake ba. Kunne ne kawai yake ɗauka a can yake. Ji ake yi, amma ba ya nan."

"Mu ma haka kuke cewa a kanmu."

Malam ya gyara zama.

"Kuskure ne," in ji shi. "Bai san kuna nan ba."

"Na farko kuskure ne. Na biyu ma na yafe. Na yi jifa a rufi, na yi jifa a ɗaki, na yi magana har muryata ta dushe. Duk sanda na yi, sai ya ɗauko abin ya sake. Ka tambaye shi, ai yana rubutawa."

"Me kike nema?"

"Kunnuwanta. Na ɗauki ɗaya jiya. Saura ɗaya."

"Ki ɗauki nawa," in ji Injiniya. "Duka biyun. Ni na danna."

"Naka? Naka da ƙarar shago ta cinye rabi? In na ɗauke naka, hutu na ba ka. So nake ka tsaya a bakin ƙofa ka kira ɗanka, ka ga bai juyo ba."

Kaka ta ja jiki ta matso, ta kama ƙafar jikarta. "'Yar nan, ni ma uwa ce. Wannan wawan ni na haife shi, na san kansa da tauri tun yana nono. Amma yarinyar me ta yi miki?"

"Ita ta riƙe."

"Cewa aka yi ta riƙe," in ji Malam. "Ba a kama wani da laifin wani, ke ma kin sani." Ya tsoma yatsu a kofi ya yayyafa, ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, wani siririn fito ya cika ɗakin, yana zagayawa kusurwa kusurwa. Gilashin kantar littattafai ya tsage. Malam bai tsaya ba.

"Ƙona ni!" in ji muryar, yanzu daga ko'ina. "Ƙona ni, tsoho, zan fita. Amma hannuna yana kan na dama. In na fita da ƙuna, da shi zan fita."

Wani ɗigon jini ya fito daga kunnen Auta na dama, ya tsaya a kan fatar kunnen. Maman Auta ta riƙe hannun rigar Malam, abin da ba ta taɓa yi wa wani namiji ba. Malam ya dakatar da karatun. Fiton ya sauka. Ɗakin ya yi duhu sosai, ba wanda ya tashi ya kunna fitila.

Da ya sake magana, a hankali ya yi, kamar mai tambayar jikin mara lafiya. "Yaron naki, yaya yake yanzu?"

Ya juya ya fuskanci lungun, ya sake tambaya.

"Ba ya jin komai?"

"Na hagu ya mutu tun ranar farko." Muryar ta yi ƙasa. "Na dama, in na sa bakina a kai, yakan motsa ido."

"To ashe da saura. Ke da bakinki kin ce ɗaya ya mutu, kuma kin ɗauki ɗaya. In kika ƙara, ke ce mai zalunci, kuma akwai Wanda yake jin ku yake jin mu. Bar mata na dama."

"In nasa ya ƙarasa fa?"

"Me zai hana ya ƙarasa?"

Suna jin numfashin yarinyar, da ƙarar wani babur can nesa a titi.

"Shiru," in ji ta. "Ba ya ɗaukuwa yanzu, ko motsi kaɗan sai ya firgita. Kwana uku. Kada akwati ya yi magana, kada waya ta yi kuka, kada murfin tukunya ya faɗi, kada wani ya ɗaga murya a gidan nan. In ya yi ƙwari zan ɗauke shi mu tafi. Ba zan ƙara kwana a bangon nan ba ko an roƙe ni."

"Za a yi. Ki fita daga jikinta yanzu, ki yi alkawari da Wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba."

Ta yi alkawarin, kalma bayan kalma, yadda Malam ya faɗa mata.

"Na hagun fa?" in ji Injiniya. "Malam, ka ce ta dawo da na hagun. Me take so? Zan roƙi yaron gafara, zan durƙusa a lungun."

"Ka roƙa," in ji muryar. "Da wane kunne zai ji?"

Malam ya dubi Injiniya ya girgiza kai kaɗan. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta zame daga kujerar zuwa hannun mahaifiyarta. Ta buɗe baki za ta yi kuka, mahaifiyarta ta rufe mata shi da tafin hannu, tana hawaye, tana girgiza mata kai.

Kwana uku aka yi a gidan ba a ji muryar kowa ba. Malam ya tafi da sifikar a kwalinta a daren. An kashe wayoyi, an cire batirin agogon bango, an naɗe cokula a tsumma. Injiniya ya rubuta takarda ya manna a ƙofar waje cewa akwai mara lafiya, don Allah kada a buga. Ba takalmi suke yawo. Kaka takan cusa fuskarta a filo in tari ya taso mata. Auta tana kwance a ɗakin mahaifiyarta, tana bin su da ido. Ba su da halin su kira ta su ji ko za ta amsa. Mahaifinta yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe baki, ya rufe, ya koma falo ya zauna yana fuskantar lungun.

Ranar Lahadi da faɗuwar rana, tsohon kafet ɗin da ke naɗe ya kwanta a hankali, kamar an jingina shi an saki. Ƙofar falo ta buɗe kaɗan, ta tsaya daidai yadda mai goyo zai wuce, sannan ta rufe ba ƙara. Suka ƙara awa guda a zaune. Daga nan Maman Auta ta tashi, ta je ta sa bakinta a kunnen 'yarta na dama, ta kira ta.

"Na'am, Mama," in ji Auta.

Ta zagaya ta ɗaya gefen ta sake kira. Auta tana kallon silin.

Ranar Litinin aka kai ta babban asibiti, aka sa mata abin ji a kai, aka auna kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Na dama lafiya lau. Na hagu bai ɗauki komai ba, kuma hoto bai nuna dalili ba. An sake gwadawa bayan wata uku, sakamakon bai canza ba.

Ba a ƙara jifa a gidan ba, ba a ƙara jin murya ba. Auta ta koma makaranta, aka mayar da ita layin gaba, kusa da bangon hagu. In mahaifinta ya kira ta daga ƙofar falo, takan tsaya, ta duba dama, ta duba baya, kafin ta gano inda yake.